Wasan da Auta Ya Buga Sau Dubu Goma

A kan teburin da nake yankan yadi Auta ya buga wasan nan sau dubu goma. Ya ture min almakashi da alli gefe, ya naɗe yadin wata mata da na riga na auna na yi wa alama, ya buɗe kwamfutarsa a wurin kamar teburin na gadonsa ne. Har yau in na shimfiɗa yadi a kan teburin nan sai na ji raina ya ɓaci.

Auta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo. Ya karanta lissafi a jami'a, ya dawo da tabarau da wata irin magana mai sanyi da ke sa ka ji kamar kai ne ba ka je makaranta ba. Mijina kuwa mai horar da 'yan ƙwallo ne. Ya daɗe yana riƙe da kulob ɗin garinmu, har ta kai babu mai kiran sunansa, kowa sai dai Koci. Ni ma haka nake ce masa. Shi ya ɗauki Auta aikin nazarin wasanni, don ya ga sauran kulob duk sun ajiye irinsu.

A lokacin, wasa ɗaya ya rage kaka ta ƙare, mu kuma muna can ƙasan tebur muna leƙen rami. Kulob uku ne a bakin ramin, mu da wasu biyu da muka fi da maki bibbiyu, kuma ɗaya daga cikin ukun ne zai faɗa rukunin ƙasa. Shugaban kulob ya riga ya faɗa wa Koci ba tare da kwana-kwana ba: ranar da kulob ya faɗa, ranar zai tattara komatsansa. Sai ga wani abu ya zo ya dagula lissafi. Yaran nan da suka kasa kataɓus a gasa duk shekara, su ne suka lallaɓa har suka kai wasan ƙarshe na cin kofi, wanda za a buga mako guda bayan an rufe gasa. Kulob ɗin bai taɓa ɗaukar kofi ba. Koci ma, tun yana ɗan wasa har furfura ta cika masa gemu, bai taɓa ɗaga kofin da ya wuce na shayi ba.

"Yaya, matso ki gani," in ji Auta. "Na sa na'ura ta buga wasannin ranar ƙarshe sau dubu goma."

"Ita ba ta gajiya?"

"Ba ta gajiya, ba ta jin tsoro, ba ta goyon bayan kowa. Na ba ta ƙarfin kowane kulob, ƙwallayen da ya ci da waɗanda aka zura masa tun farkon kaka, wa ke gida, wa ke waje. Sai ta yi ta buga wasannin, kowane karo da irin tasa sa'ar. In ta gama, in ƙirga sau nawa muka tsira."

Koci ya jawo kujerar keken ɗinkina ya zauna. "Bar dogon bayani. In na ajiye Dogo da manyan yarana saboda kofi, na zuba ƙanana, aka ci mu fa?"

Dogo shi ne ɗan wasan gabansa, rabin ƙwallayen kulob shi ya ci su, kuma cinyarsa na damunsa a lokacin.

"Abin da na gwada ke nan, Yaya Koci. A ce an ci mu ɗin. To ba za mu faɗa ba sai waɗancan biyun duka sun ci nasu wasan. Ɗaya gidan zakarun gasa za shi. Ɗayan kuma gidan waɗanda za mu haɗu da su a kofi. Duk kakar nan wa ya shiga gidajen nan ya fito da dariya? Cikin ɗari, sau casa'in da bakwai muna tsira."

"Saura ukun fa?" in ji Koci.

"Ai ba a rasa ba. Babu abin da ke ɗari bisa ɗari."

Ya faɗi haka, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya faɗa ne yana rufe kwamfuta, da muryar da mai kemis ke cewa a sha bayan an ci abinci, idonsa na kan mai saye na gaba.

Daga nan lambar ta fita yawo, kuma duk inda ta kwana sai ta ƙara ƙiba. A bakin Auta casa'in da bakwai ce. Da Koci ya kira Shugaba a waya, ina jinsa daga kicin, ta zama "kusan tabbas". Shugaba ya kai ta gidan rediyo ta koma "mun riga mun tsira, kofi muka sa a gaba". Kafin mako ya raba, mai sayar min da zare ya taya ni murna. Auta yana jin duk wannan, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga hannu ya ce a dakata ba. Yana ta murmushi yana gyara tabarau, 'yan jarida suna kiransa ƙwaƙwalwar kulob.

Ni abin da na gani a gida shi ne Koci ya fara barci. Mutumin da ya yi watanni yana juyi a gado yana canja 'yan wasa cikin mafarki, sai ga shi yana minshari. Ya koma cinye abincinsa har ya nemi ƙari. 'Yan biyunmu suka daina tafiya da sanɗa in yana falo. Na ji daɗi, na sayo yadi mai nauyi, shuɗi mai duhu, na yanka masa kwat da zai sa ranar kofi. Tambarin kulob da hannu na ɗinka shi a aljihun ƙirji, ban yarda keke ya taɓa shi ba.

Ranar rufe gasa na je filin wasa, na zauna a kujerun da ke bayan benci inda ake ajiye iyalan ma'aikata. Duka wasannin lokaci ɗaya ake fara su. Ina zama na ga Dogo a layin da ke bayana, cikin kayan gida, da shi da gola na ɗaya da manyan 'yan baya uku, kowa yana danna waya. Ko a benci Koci bai sa su ba. Wai kada zuciya ta ɗebe shi ya tura su fili in wasa ya yi zafi.

"Mama, yau 'yan kallo ne mu," in ji Dogo yana dariya.

Ana saura kaɗan a fara, na ga Auta ya fito daga ɗakin canja kaya da kwamfuta a buɗe a hannu, yana tafiya kamar wanda ya taka ƙaya. Na san fuskar nan. Ita yake yi tun yana yaro in ya fasa abu ya ɓoye a bayan ƙofa. Na leƙa ta kan ƙarfen da ya raba mu da benci, na ji abin da yake faɗa wa Koci.

"An fitar da sunayen 'yan wasan sauran filayen. Zakarun gasa yara suka zuba, 'yan makarantar kulob. Wai sun riga sun ɗauki gasa, ba abin da za su ƙara."

"Ɗayan fa?"

"Su ma sun ajiye manyansu gaba ɗaya. Saboda kofi."

Koci ya dube shi. "Saboda kofi."

"Eh."

"Wato abin da muka yi."

Ashe kowane kulob yana da nasa Autan, kowanne ya buɗe kwamfuta a kan teburin wata, ya faɗa wa kocinsa cewa wasan yau ba shi da wani amfani. Na'urar ƙanena ta buga wasa sau dubu goma da manyan 'yan wasa, alhali a wannan la'asar ɗin manyan duk suna zaune a kujerun 'yan kallo kamar Dogo. Su kuwa kulob biyun da ke ƙasanmu sun fito da duk wanda ke da ƙafa biyu, don su ransu ne a kai.

"Na sake bugawa da sababbin sunayen," in ji Auta a hankali. "Yanzu saba'in da ɗaya ne."

Dogo ya ji. Ya miƙe ya kama ƙarfen. "Koci, takalmana na cikin mota. Ka sa ni."

"An riga an miƙa sunaye ga alƙalin wasa. Zauna."

Aka busa usur. Yaran da Koci ya zuba sun yi iya yinsu, ba ni da abin faɗa a kansu. Canjaras ma ya ishe mu, don mun fi waɗancan biyun bambancin ƙwallaye, kuma sun riƙe shi har aka tafi hutun rabin lokaci. Amma babu mai kallonsu. Duk filin kowa ya dunƙufar da kai a waya. Sai ka ji gunaguni ya taso daga kusurwa ɗaya ya zagayo kamar iskar hadari, ka san an ci ƙwallo a wani garin. Na farko ya zo tun kafin hutu: an zura wa zakaru a gidansu. Da aka dawo, na biyu ya zo daga ɗaya filin. Bayan nan ƙaramin golanmu ya fito kama wata ƙwallo da ba tasa ba, ta wuce ta kansa ta shiga raga.

Auta yana zaune a ƙarshen benci yana ta danne-danne. Duk ƙwallon da aka ci sai ya sunkuya ya raɗa wa Koci sabuwar lamba. Hamsin da wani abu. Talatin. Goma sha biyu. Kamar wanda gidansa ke ci da wuta, wani ya tsaya a gefe yana faɗa masa ɗaki nawa ya rage. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Auta, in ka ƙara buɗe baki sai na sauko na fasa wannan abin a kanka."

Ya rufe. Koci ya waiwaya bencinsa yana neman wanda zai tura, babu kowa sai yaran da gemu bai fito musu ba. Haka aka tashi, muka faɗa. A bayana Dogo ya sa kai cikin riga yana kuka, ƙato da shi, cinyarsa ta huta sarai.

Washegari da hantsi Shugaba ya kira a waya ya sallami Koci. Bai ma iya zuwa da kansa ba. Mutumin da ya je rediyo ya ce mun tsira, shi ne ya koma rediyon ya ce Koci ya yi ganganci da amanar jama'a. Mataimakin Koci zai jagoranci yara zuwa wasan kofi. Na tambaya ko an sallami Auta. Ba a sallame shi ba. Shugaba ya ce kulob na zamani ba ya tafiya babu mai nazari.

Da la'asar sai ga shi ya zo, da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofar shago yana sallama kamar baƙo. Koci na zaune a ciki, a kujerar da masu kawo ɗinki ke jira.

"Yaya Koci, na zo in ba da haƙuri. Amma ina so ku fahimci wani abu. Lissafin bai yi kuskure ba."

Na ajiye almakashi, don na san halina.

"Maimaita."

"Yaya, ban ce ɗari ba. Casa'in da bakwai na ce. Abin da ke da kashi uku yana faruwa, sau uku cikin ɗari. Mun faɗa cikin ukun ne kawai. In aka sake buga ranar jiya sau dubu goma..."

"To kai ni can."

"Ina?"

"Can inda muka tsira. Ka ce suna da yawa, dubu tara da ɗari nawa ne? Zaɓo min ɗaya, ko mafi lalacewa, in kwashi yarana da mijina mu koma. Tun da kai ka san hanya."

"Yaya, ba haka ake fahimtarsa ba."

"Ni ka ga na yi kama da mai son fahimta? Kai da bakinka ka ce saba'in da ɗaya jiya, ina tsaye. Tsakanin casa'in da bakwai da saba'in da ɗaya wane wasa aka buga? Ko usur ba a busa ba. Sunaye kawai ka gani. Da can ba ka san mutane na ajiye 'yan wasa ba? A nan, a kan teburin nan, aka tambaye ka ko a ajiye Dogo. Kai ka iya wayo, sauran duniya duk dabbobi ne?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Na'urar ba ta da hanyar sanin niyyar koci."

"Kai fa? Kai ma ba ka da ita? To me ya hana ka faɗa? Ka ce ga abin da na sani, ga wanda ban sani ba. Sai ka kawo lamba a wanke a goge, har da ɗigo da wasu ƙanana a bayanta, yadda mutum zai ji kunyar yi mata musu. Da aka yi ta yawo da ita a gari ana cewa tabbas, ina bakinka yake? Lokacin ana kiranka ƙwaƙwalwa, ukun ba su dame ka ba. Yau da aka kori mijina ka tuna da su."

"Ya isa, Maman 'yan biyu," in ji Koci. "Ba yaron nan ya rubuta sunaye ba. Ni na rubuta."

Sai na juya kansa, don shi ma ina cike da shi.

"Kai ma ai ban manta da kai ba. Shekara nawa kana faɗa wa yara cewa ba a cin wasa sai an buga? Har 'yan biyu sun haddace. Kai da ko ludo ba ka yarda an ci ka sai an kai ƙarshe. Kofi kake so, Koci. Ka so shi har ka rasa inda za ka sa kanka, kana neman wanda zai ce maka je ka, sai Allah ya haɗa ka da mai tabarau. Da ya ce maka sittin, da ka ce ya sake bugawa."

Bai musa ba. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Haka ne." Wannan ya fi komai ƙona min rai, don na so ya yi faɗa in samu abokin yi.

Auta ya juya zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Wallahi na ɗauka wani abin kirki zai faɗa.

"Wasan kofin ma na buga shi," ya ce. "Kashi ashirin da shida muke da shi."

Na jefe shi da abin da hannuna ya fara kaiwa, ƙwallon zare ne, bai ma same shi ba.

Ranar kofi na ce ba za a kunna talabijin a gidana ba. Na tura 'yan biyu gidan maƙwabta, na zauna a keke ina ɗinkin da ba na gaggawa ba. Can na ji muryar mai sharhi daga falo. Na tashi da niyyar in zare wayar daga bango, na tarar da Koci a tsaye a tsakiyar falo, sanye da kwat ɗin da na ɗinka masa. Ta zauna masa daidai, kafaɗa ba ta zubo ba, hannu bai wuce ba. Ya ture teburin tsakiya gefe, ya harɗe hannu a ƙirji kamar yadda yake yi a bakin fili. Na koma na jingina da ƙofa.

Tsarin da ya shirya tun makonni shi Mataimaki ya zuba, ko mutum ɗaya bai canja ba. Kyamara ta nuna benci, ga Auta a gefen Mataimaki da kwamfuta a cinya. Koci bai ko dube su ba. Yana ta magana da yaransa ta cikin gilashi, "Koma baya. Buɗe. Ba shi, ba shi yanzu." Kamar suna jinsa, sai su yi.

Dogo ya yi gudu ran nan kamar ba shi ya yi rabin kaka yana ɗingishi ba. Ya ci ɗaya kafin hutu. Aka farke. Ana gab da tashi ya tsere wa 'yan baya biyu da suka riga suka gaji, ya ci ta biyu. Unguwa ta ɗauki ihu, masu babur suka fara hon a titi, mutanen da mako guda da ya wuce suka yi wa motar kulob ruwan duwatsu.

Aka miƙa kofi. Mataimaki ya ɗaga, Shugaba ya ɗaga, har Auta aka ba shi ya ɗaga, tabarau a karkace. Wani ɗan jarida ya tura wa Shugaba makirfo, Shugaba ya ce tun farko sun yi nazari a kimiyyance, sun san hutar da 'yan wasa shi ne zai kawo kofi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na rasa wanda zan zaga a cikinsu, don duk sun cancanta.

Koci yana nan a tsaye. Fuskarsa a sake take, har da ɗan murmushi, kuma wannan murmushin ne ya sa hawaye suka zubo min.

"Kin ga Dogo?" ya ce, bai waiwayo ba. "Hutun ya yi masa amfani."

Ya jira har aka gama nuna kofin aka sa talla. Sannan ya cire kwat ɗin, ya kakkaɓe kafaɗarta, ya miƙo min.

"Rigar ta yi kyau. Ki cire tambarin, zan sa ta in na fara zagayen neman aiki."

Na kai ta kan teburin yanka, na ɗauko reza. Da hannu na ɗinka tambarin, ɗinki ƙanana a matse don kada ya taɓa fita, saboda haka ya ɗauke ni lokaci kafin in warware. Da na ɗaga shi, sai ga sawun allura a jere a kan aljihun, zagaye guda daidai girman tambarin. Na sa ruwa na goga da dutsen guga, na sake gogawa, sawun bai ɓace ba.